Tayar da Baffanki Ya San Sawunta

Ɗan Iya, Bauchi
Laraba, bayan la'asar

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ko da yake da safen nan muka sha kunu tare, na kuma ga lafiyar da idona. Allah Ya tsare ki a inda za ki, Ya tsare ki a hanyar da za ta kai ki can.

Kin san ni, bakina ba ya buɗewa idan maganar ta zuci ce. Sunan mahaifiyata gare ki, ko kiran sunan ban taɓa iyawa ba, balle in zaunar da ke in fara jero miki wautar da na tafka. Shi ya sa na rubuta. Zan saka ta a durowar gaban mota, ƙarƙashin takardun motar, inda na san dole hannunki ya kai kafin Asabar.

Asabar za ki tafi wurin aikinki na farko a matsayin likitar dabbobi, motar nan tawa kuma ta zama taki. Tayoyinta sun suɗe, damina ga ta nan tafe, sauyawa ta zama dole. Shekaranjiya ina alwala a tsakar gida na ji kina nuna wa Mamanku hoto a waya, kina cewa irin waɗannan kike so, manya masu haƙora kamar na tarakta. Na kuma ji dalilinki. Kin ce mutanen ruga ba za su saurari mace ba idan ta zo musu a mota kamar ta kai amarya, gara tun daga nesa su hango abin da zai sa su miƙe tsaye. Na ci gaba da wanke ƙafata. Amma maganar nan taki ni na fara yin ta, tun ba a haife ki ba.

Lokacin da kakanki ya rasu aka raba shanu, ni na kora nawa zuwa kara na sayar, na sayi a-kori-kura ta hannu. Niyyata in riƙa kai dusa da kanwa rugage, in dawo da madara da maruƙa. Baffanki Buba, yayana, bai hana ni ba. Yana tsaye da sanda a kafaɗa ya kalli motar, ya kalle ni, ya ce, "Ka ba da masu ƙafa huɗu masu haihuwa, ka karɓo mai ƙafa huɗu wanda ba ya haihuwa. Allah Ya ba da sa'a." Daga ranar ya daina kirana Gidado, sunan da uwarmu ta raɗa mini, ya koma ce mini Direba. Ba zagi ba ne, amma duk sanda ya faɗa sai in ji kamar an kore ni daga gida. Duk haukan da zan ba ki labari, don in dawo da sunan nan na yi shi.

Wautata ta farko a GRA na kwaso ta. Na kai wa wani babban ma'aikaci, Alhaji Maikano, dusar ragunansa, sai na ga wata jif a ƙofar gidansa, tayoyinta sun kusa kawo mini ƙugu. Na zagaya ta sau uku ina dubawa yadda aka koya mini duba bijimi: tsayi, kauri, tozo. Na ce in Hamma Buba ya ga irin wannan ta shigo ruga, dole ya san ƙanensa bai yi asara ba.

Ban zame ko'ina ba sai Ƙofar Dumi, rumfar Malam Sabo mai faci, wannan tsohon da yake ba ki dabino idan na je da ke. A lokacin gemunsa baƙi ne. Na ce ya nemo mini irinsu.

Ya ce, "Malam Gidado, ina za ka da su?"

Na ce, "Ruga."

"Daga nan zuwa inda kake sauka daga kwalta, tafiyar nawa ce?"

Na ce awa ɗaya da rabi, ta hanyar Ningi.

"Daga can zuwa rugar fa?"

Na ce minti ashirin in da rani ne.

Ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa ya ce, "To ai kai direban kwalta ne mai leƙa daji. Tayar da kake faɗa ta mai kwana a laka ce."

Na ce masa shi faci ya sani, ni kuwa a daji aka yanke mini cibiya. Ya yi dariya, ya nemo mini.

Uwata, tun ranar farko na gane na ɗebo ruwan dafa kaina, amma girman kai ya hana ni faɗa. A kan kwalta kuka suke kamar injin niƙa, ko rediyo ba na ji. Sitiyari na rawa a hannuna. Mai kuwa sai ka ce a ƙasa nake zubawa. In zan sha kwana a lungu, tayar gaba ta riƙa gogar jikin mota tana ƙara, mutane na leƙowa ta zaure. Mamanku tana amarya a lokacin, ta shiga sau ɗaya ta ce ita dai a bar ta da ƙafarta. Da na isa ruga, tun daga nesa shanu suka ɗaga kai suka watse. Baffanki ya tattaro su da kyar, ya zo ya tsaya a kan tayar ya ce, "Direba, wannan kofaton giwa ne. Ina giwan?"

Abin da ya fi ci mini rai, na saye su ne don laka, amma kafin laka ta zo kwalta ta cinye haƙoran. Robar irinsu laushi gare ta, zafin titi ba ya raga mata. Suka ci a karkace, wani haƙori dogo wani gajere. Ranar ruwan farko kuwa na taka birki a shatale-talen Wunti, motar ta ce ba ta san zancen ba, ta zame da ni a hankali har na ture baron wani mai mangwaro. Allah Ya tsare, ba wanda ya ji ciwo, amma na yi tsince-tsincen mangwaro a tsakiyar titi ina ba da haƙuri.

Don haka kafin ki kalli taya, ki kalli hanyarki. Ki raba tafiyarki ta mako kashi goma, ki ga nawa ne kwalta, nawa ne daji. Ke da za ki riƙa dawowa Bauchi ɗaukar allura, takwas a kwalta za ki yi su. Kada ki sayi tayar kashi biyu ki azabtar da kanki a kashi takwas. Girma kuma, akwai lambar da aka rubuta a jikin ƙofar direba. In za ki ƙara don cikin mota ya ɗan ɗaga daga ƙasa, ki ƙara taki ɗaya ki tsaya. Kafin ki bar rumfar, ki sa a murɗa sitiyari har ƙarshe, dama da hagu, ki sa kunne ki ji ko tana goga.

Da na ji haushi sai na tsallake zuwa ɗaya ƙarshen, irin na mai zuciya. Na ce ni da haƙoran taya har abada. Na sayo na hannu, 'yan Kwatano, masu sulɓi, irin na motar gari. Sai daɗi. Mota ta yi shiru, mai ya dawo hayyacinsa, Mamanku ta yafe mini ta dawo kujerar gaba. Malam Sabo ya latsa gefen ɗaya da babban yatsa, ta lotsa, ya ce, "Wannan ai fatar ɗan akuya ce." Na ce a ɗaura.

Kin san fadamar da ke gaban rafin Ɗinya, kafin a hau tudun rugarmu. Baƙar laka ce mai danƙo. Cikin marka na shiga da buhunan dusa, ban yi taki ashirin ba laka ta cika ɗan zanen da ke jikinsu, suka zama kamar faifai. Na taka mai, suka yi ta juyi a wuri guda, mota na nutsewa. Garin kokawa wani kututture ya farke gefen ta baya. Da na sauko safaya, ashe ita ma ƙarama ce, ba sa'ar sauran ba. Na zauna a kan bonet tun hantsi har azahar.

Baffanki ne ya zo, da shanun noma biyu da igiya. Da ma ya yi mini gori, da na ji sauƙi. Amma bai yi ba. Ya ɗaura igiya, ya yi wa shanun magana a hankali, suka fizgo ni kamar ba komai. Ya kwance igiyarsa, ya naɗe, ya ce, "Sannu, Direba," ya juya. Masu haihuwa suka ciro marar haihuwa a gaban matan ruga da suka zo ɗibar ruwa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har yau in na tuna wuyana yakan yi zafi.

Da na kai wa Malam Sabo wadda ta farke, ya nuna mini wasu lambobi huɗu a gefenta, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. Ashe tsohuwa ce tukuf, wanka kawai aka yi mata. Ki riƙa duba lambobin nan da idonki, kada ki bari mai sayarwa ya karanta miki. Ki latsa gefen taya ki ji kauri, don a daji ba ƙasan taya ne ke mutuwa ba, gefenta ne, ƙaya da kututture da kaifin dutse can suke nema. Safaya kuma ta zama irin sauran huɗun, girma ɗaya, zane ɗaya.

A karo na uku na je rumfar da kaina a ƙasa. Na ce, "Malam Sabo, zaɓa mini." Ya ce, "Yau kuma ba a daji aka yanke cibiyar ba?" Na ce ya rufa mini asiri. Ya mirgino mini wasu da ba su da wani kwarjini. Tsakiyarsu zane ne a haɗe, ƙanana kusa da juna, don su kwanta a kwalta su riƙe birki. Kafaɗunsu biyu kuma haƙora ne a buɗe, masu zubar da laka in taya ta juya. Gefe mai kauri. Ya ce, "Ba za ta yi shiru kamar ta gari ba, ba za ta haƙa kamar ta tarakta ba. Amma za ta kai ka, ta dawo da kai."

Ko da su ma sai da na sake yin shirme. Ina ganin taya mai tauri ita ce mai ƙarfi, don haka nakan sa a ɗura musu iska har su yi kamar dutse. A yashin rafi suka riƙa haƙa rami da ni. Abin da ya warware mini matsalar, Uwata, ba makanike ba ne. Wata rana ina zaune a bakin fadama ina jiran ruwa ya janye, shanu suka zo wucewa. Na zuba wa ƙafar wata saniya ido. Da ta taka laka kofaton ya buɗe ya baje, da ta hau tudu ya haɗe ya tsuke. Abin da na gani tun ina yaro sau dubu, ban taɓa kawo shi kusa da mota ba. Na tashi na sa tsinke a bakin taya na rage iska, kamar kashi ɗaya cikin uku, har cikinta ya ɗan baje a ƙasa. Na shiga yashin nan na fita kamar a kan tabarma. Ni kaɗai a mota ina ta dariya.

Amma ki riƙe ɗaya rabin. Sau ɗaya na yi ƙyuyar mayar da iska da na dawo kwalta, na ce bari in kai gari. Taya ta yi zafi ta fashe da ni kafin in ga duwatsun Bauchi. In kin sauka daga kwalta ki rage, in kin dawo ki mayar, ko da ruwa ake, ko da wa ke jiranki. Famfon iska da geji suna bayan kujera tare da shebur da igiya. Duk bayan 'yan watanni kuma ki sa a sauya musu wuri, na gaba su koma baya, don su tsufa tare.

Yanzu ga ranar da nake so ki sani. Kina 'yar firamare a lokacin. Tsakiyar damina, bayan sallar asuba, wayata ta yi ƙara. Baffanki ne. Bai taɓa kirana a waya ba, sai da ya hau dutse ya sami sabis. Ya ce, "Direba, harbin daji ya shigo. Uku sun faɗi tun jiya. In likita bai zo yau ba, garke ya tafi." Ke yanzu kin fi ni sanin cutar, saniya ta fara ɗingishi da safe, kafin wata safiyar ta mutu.

Na ruga wurin likitan, na tarar an riga ni. Alhaji Maikano, mai jif ɗin nan ta GRA, ya yi ritaya ya ba da shanunsa kiwo a rugarmu, shi ma an kira shi. Wata jif ɗin daban gare shi a lokacin, tayoyin sun fi na da girma. An riga an saka akwatin sanyi mai ɗauke da allura a ciki. Likitan ya ce ƙanƙarar da ke akwatin ba za ta wuce azahar ba. Alhaji ya kalli motata ya ce, "Malam Gidado, ka biyo mu a baya, in ka kafe ma ciro ka."

A gindin ɗorawar da ake sauka daga kwalta na tsaya rage iska. Direban Alhaji ya leƙo ta taga ya ce, "Faci ka yi tun yanzu?" Suka wuce suna watsa ruwa. Raina ya ɓaci, amma na bi tayoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya na gama.

A fadama na same su. Jif ta zauna a kan cikinta, tayoyi huɗu na juyi suna feshin laka har saman rufi. In faɗa miki gaskiya, da sababbi ne kuma an rage musu iska, da sun fi nawa a wurin nan. Amma titin Bauchi zuwa Abuja ya gama da haƙoransu tuntuni, ga iska kamar dutse, ga direba ya ɗora ƙafa a kan mai ya ƙi ɗagawa. Na tuɓe takalmi na naɗe wando, na sari sanda, na ratsa fadamar da ƙafa ina soka ƙasa, har na gano inda take da tauri ta hannun hagu. Na dawo na ce, "Likita, ɗauko akwatinka."

Alhaji ya ce, "Inda wannan ta kasa, taka ce za ta wuce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, in Allah Ya yarda."

Na saka giyar taimako, na sa lamba biyu, na riƙe mai daidai, ban ƙara ba ban rage ba. Motar ta shiga tana lilo, baya ya ɗan zame, kafaɗun taya suka kama, ta miƙe. Likita ya rungume akwati yana salati. Na ji ƙasa mai tauri a ƙarƙashinmu, muka hau tudu. Ban waiwaya ba, amma a madubi na hango Alhaji ya tattare babbar riga yana biyo sawunmu da ƙafa.

Kafin azahar an yi wa garke duka allura, an yi wa biyu masu ɗingishi magani. Ɗaya daga cikinsu ta tafi, ɗaya ta tashi. Bayan ita ba wadda ta ƙara faɗuwa.

Da la'asar muka koma fadama da shanun noma don a ciro jif. Baffanki bai kalli jif ɗin ba. Ya bi sawun motata daga bakin laka har tudu, yadda yake bin sawun saniyar da ta ɓata. Ya tsuguna ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya daɗe. Sannan ya ce, "Wannan ya san inda yake sa ƙafa. Kamar nagge yake tafiya." Ya miƙe ya ce, "Gidado, zo ka sha nono."

Shekara goma sha biyu ban ji sunan nan a bakinsa ba. Na juya na yi kamar ina duba taya, don kada ya ga idona. Wallahi, Uwata, ko Makka da na je ban ji abin da na ji a bakin fadamar nan ba, Allah Ya gafarta mini in na yi saɓo. Da zan tafi ya jawo wata karsana ya ce jikar saniyar uwarmu ce, tawa ce, zai riƙa kiwata mini ita. Zuriyarta ce ta kai ki makarantar da kika gama.

Tun daga ranar na sauya mota sau biyu, amma irin tayar ban sauya ba. Rugagen da ke tsakanin ɗorawar nan da rafin Ɗinya duk sun san sawunta. In sun gan shi a laka sukan ce magani ya shigo, su fito da marasa lafiyar dabbobinsu bakin hanya.

Watan jiya na je na gaya wa Baffanki an turo ki yankinsu. Kin san idanunsa sun tafi, ba ya rarrabe fuska ko a kusa. Na ɗauka zai ce aikin nan ba na mace ba ne, har na shirya amsa. Sai ya ce, "Da wane ƙafa za ta zo?" Na ce ban sani ba tukuna. Ya ce, "Ka gaya mata ta zo da irin naka. Fuska ba na gani, amma in na tsuguna na shafa ƙasa, zan san ɗiyar gida ne ya shigo. Ni da kaina zan kai ta wurin ardo."

To kin ji. Motar taki ce yanzu, zaɓi ma naki ne, ba zan ɗaura miki taya a ɓoye ba. Abin da kike so manyan haƙora su yi miki, an riga an yi shi a laka shekaru da yawa, yana can yana jiranki. Malam Sabo ya ware guda biyar a bayan rumfarsa, ya ce ki zo da hantsi kafin Asabar ki latsa gefensu da yatsanki, ki karanta lambobin da kanki.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo da ke lafiya. Ya tsare ki daga santsin kwalta da danƙon fadama, Ya sa albarka a hannunki da allurarki. In kin isa gindin ɗorawa, ki tsaya ki rage iska, ko wa ya yi miki dariya. In kin hau tudu za ki ga wani tsoho tsugune a bakin hanya, hannunsa a ƙasa. Ki kashe mota ki jira ya gama shafawa.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Gidado